Kwanon Don Casimiro Ya Daina Magana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Horizonte Dorado na Raya Filayen Wasanni,
Jagoran zamani, mai rushe jiya domin gobe ta samu wurin ajiye mota,
Hawa na tara, Babban Birni.

Litinin, 3 ga Maris.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da hotonsa ya fi ƙofar filinmu tsawo, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya da sanyin na'ura, ina gabatar da kaina. Sunana Eudy Amaurys Peguero Santana, haifaffen Santa Rufina, mai digiri a fannin shari'a tun watan Nuwamban da ya gabata. Ni ne na huɗu a aji mai mutum sittin da biyu, kuma ukun da ke gabana ba su san wasan ƙwallon besbol ba, saboda haka ba na sa su a lissafi. Na rubuta kundi mai shafi ɗari biyu da goma sha huɗu a kan matsayin al'ada a gaban rubutacciyar doka. Na faɗi wannan ne domin ka san ba ɗan hayaniyar bakin fili ne ke magana ba, ko da yake a can ma ina da muƙami.

Maƙasudin wasiƙar ɗaya ne tak: kwanon rufi falle goma sha ɗaya da ke kusurwar hagu ta katangar filin La Molienda. Ma'aikatanka sun lulluɓe su da koren soso a watan Janairu, kuma allon sanarwarka ya ce za a ɓamɓare su ranar Litinin, 17 ga wannan wata, a zuba kankare. Ina neman a cire soson, a bar kwanon.

Ban zaɓi buɗaɗɗiyar wasiƙa don a san ni ba, an riga an san ni. Sau uku na hau acaɓa zuwa kwantenar da kuka mayar ofis a bayan filin, sanye da kwat a tsakar rana. Sau uku sakatariya ta ce Injiniya mai kula da aikin ya fita. A karo na uku ina hango takalminsa ta ƙarƙashin labule. Ban yi jayayya ba, domin ilimi ya koya mini kada in yanke hukunci ba tare da cikakkiyar shaida ba, kuma mai yiwuwa ne bawan Allah ya fita ba takalmi.

Adalci ya wajabta mini in fara da amincewa: La Molienda ya tsufa. Rufin rumfar 'yan kallo yana yoyo a wuri goma sha uku, kowane iyali ya san nasa wurin, yana zuwa da bokitinsa. Zango na uku, ɗaya daga wuraren da masu gudu ke tsayawa, yana nutsewa da damina har sai an nemo shi da shebur. A ɗakin sauya kaya na baƙi akwai gidan rina wanda ya girme ni, kuma ba zan ɓoye maka ba, ba mu taɓa gaggawar cire shi ba. Ciyawar filin akuya ce ke aske ta, sunanta 'Yar Majalisa, domin ci take yi ta kwanta. Duk abin da ka gyara a cikin waɗannan, mun gode. Sabon banɗakin ma na shiga, na fito, na yaba. Ni ba maƙiyin ci gaba ba ne. Ina da digiri.

Amma da yake an shaida mini golf ka fi sani, wasan da mutum ɗaya ke bugawa mutum huɗu na riƙe masa jaka, ka ba ni dama in yi 'yar muƙaddima. A besbol akwai layi biyu da suka taso daga wurin mai bugu suka miƙe har katanga, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ƙwallon da ta daki katanga a cikin layi tana ci, masu gudu su zuba da gudu. Wadda ta daka a wajen layi, ko da faɗin yatsa ne, aikin banza ce, kowa ya koma inda yake. A kan wannan faɗin yatsa aure ya mutu a ƙasar nan, kuma ba sau ɗaya ba.

Shekara arba'in da shida da suka wuce guguwa ta taso daga teku ta kwashe katangar filinmu, ta haɗa da dogon ƙarfen da ke nuna iyakar layin hagu. Ba a sake ganin ƙarfen ba. Maƙwabtanmu na Boca Honda sun rantse ba su gan shi ba, ko da yake a shekarar ne makarantarsu ta yi sabuwar sandar tuta. Ma'aikatan injin sukari suka sauko da kwano mai kauri daga rufin ɗakin dafa ruwan rake, falle bakwai, suka kafa a kusurwar. Ya ƙare daidai kan layi. Sauran huɗun, na wajen layi, sirara ne, daga kejin kajin limamin coci aka samo su. Daga baya mangwaro ya tsiro da kansa a gefen layin. Kafin kwamiti ya gama zama a kan ko a cire shi, ya fara 'ya'ya, a Santa Rufina kuwa ba a sare bishiyar da ta taɓa ciyar da mutum. Rassansa suka rufe kusurwar ruf. Alƙalin wasa ba ya ganinta, 'yan kallo ba sa ganinta. Mai tsaron gefen hagu kaɗai ke gani, shi kuwa ɗan ƙungiya ne, ko mahaifiyarsa ba za ta karɓi shaidarsa ba.

A nan ne kakana ya shigo. Don Casimiro Peguero, shekara tamanin da ɗaya. A da mai dafa sukari ne a injin, irin waɗanda ke kasa kunne a jikin tukunya su ce ya nuna. Shekara ɗaya kafin guguwar, tafasasshen ruwan rake ya fallatsar masa a fuska. Idanun suka tafi, kunnen ya zauna. Da ake kafa katangar, shi ne ya bi falle-falle yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana ware mai tsatsa. Mai kauri cewa yake "gum". Siriri cewa yake "tas". Wannan kowane kurma zai bambance. Mas'alar tana wurin mahaɗar falle na bakwai da na takwas, inda ƙwallo ke kaɗa su duka biyun a tare, kuma mutum ɗaya ne a duniya ke jin wanda ya fara magana.

Ga yadda ake yi. Da zarar ƙwallo ta nufi mangwaro, filin gaba ɗaya sai ya yi tsit. Mai ganga ya dafe gangarsa. Doña Ercilia, mai soya agada a bakin rumfa, ta ɗaga kasko daga wuta don kada mai ya yi ƙara. Mashaya giyar rake su tsaya da kwalba a leɓe. Jariri ma, na rantse, uwarsa na toshe masa baki da nono. Kwano ya yi magana. Sai mutum dubu biyu su juya su dubi benci na huɗu, kusa da ginshiƙi. In tsohon ya ɗaga sandarsa, ciki ce. In ya cire malafarsa, waje ce. Sannan alƙalin wasa ya nuna da hannu, da cikakkiyar izza, kamar shi ya gani.

Za ka tambaya, a matsayinka na mai kaifin basira: yaya baƙi ke yarda da hukuncin ɗan gari? Madalla da tambaya. Shekara talatin da suka wuce ƙungiyarmu, Masu Adda, ta kai wasan ƙarshe da Balbelun Boca Honda. Zagaye na tara, wato na ƙarshe, an fi mu da ci ɗaya, mutum biyu a kan zango, mai bugu kuwa Plinio Peguero, ɗan Don Casimiro na cikinsa, mahaifina. Ya daki ƙwallo ta shige mangwaro. Aka yi tsit. Kwano ya yi magana. Tsohon ya ɗan jima, sannan ya kai hannu ya cire malafa. Mahaifina ya dawo ya sake gwadawa, aka fitar da shi, kofi ya hau motar Boca Honda. Wata guda ba wanda ya zauna da kakana a teburin domino. Marigayiya kakata, Doña Remigia, ta yi wata guda tana ba shi shinkafa da wake ba gishiri. Har yau, kowace Kirsimeti, mahaifina kan bari a zuba abinci sannan ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, ciki ce." Tsohon ya ce, "Waje ce, Plinio. Miƙo mini naman." Tun daga wannan shekara, ko mutanen Boca Honda, waɗanda ba sa yarda da agogo, sun yarda da malafar nan.

Yanzu, ranka ya daɗe, da izininka, ga ƙorafe-ƙorafena bisa tsari.

Na ɗaya: soso. Ranar Lahadi, 2 ga Fabrairu, aka yi wasan farko bayan gyaranka. Zagaye na takwas, kunnen doki, ɗan wasanmu Yunior Kurege ya daki ƙwallo ta nufi mangwaro. Aka yi tsit kamar kullum. Doña Ercilia ta ɗaga kasko. Ƙwallo ta isa katanga, soso ya karɓe ta cikin ladabi da biyayya, bai ce uffan ba. Mutum dubu biyu suka juya. Kakana yana zaune, ya karkatar da kai, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a gefen malafa, yana jira. Muka yi ta kallonsa, shi kuma yana ta jira. Can ya juyo wajena ya ce, a cikin wannan shirun da kowa ke ji, "Lauya, har yanzu tana sama?"

Wani daga cikin baƙin kamfaninka ya yi dariya. Ba na neman sunansa. Na riga na san shi, da rigarsa, da lambar motarsa.

Shin, ranka ya daɗe, a wace jami'a aka koyar cewa maganin katanga mai magana shi ne a toshe mata baki? Takardarku ta ce soson na kare 'yan wasa ne daga rauni. A shekara arba'in da shida mutum nawa kwanon ya raunata? Na bincika. Mutum ɗaya ne, a bikin Ista, shi ma haurowa yake yi daga waje, kuma ba a cikin hayyacinsa yake ba.

Na biyu: kyamara. Domin maye gurbin kakana kun kafa kyamara a kan sabon ƙarfe rawaya, wadda aka ce tana iya ƙirga gashin gira daga nisan kilomita. A ranar Injiniya ya shigo fili da ɗan allonsa na hannu, da takalminsa, domin ya nuna wa duniya hukuncin kimiyya. Minti ashirin muna tsaye. Alƙalin wasa Nicomedes ya leƙa, kyaftin biyu suka leƙa, 'Yar Majalisa ma ta matso. Abin da aka gani ganye ne. Ganye kyakkyawa, kore shar, ba a taɓa ɗaukar hoton ganye da irin wannan ƙwarewa a lardinmu ba. Har wata tsutsa aka gano. Nicomedes ya cire hularsa ya share gumi, rabin filin suka ɗauka hukunci ne, sauran rabin suka fara neman abin jifa. Aka tashi wasa ba a san wanda ya ci ba, aka karya benci biyu da haƙori ɗaya. Da na same shi daga baya sai ya ce mini, "Kai, ɗan Plinio, shekara ashirin ina alƙalanci a filin nan, ban taɓa sanin ni ne makahon ba sai yau."

Na uku: karramawa. Da labari ya kai hawa na tara, kamfaninka ya nuna halin girma. Lahadin da ta biyo baya kuka aiko da mota mai baƙin gilashi aka ɗauki kakana, mutumin da ya shekara arba'in da shida yana taka ƙafarsa zuwa filin, taku ɗari huɗu da goma sha biyu, ba mai riƙe masa hannu. Kuka ba shi allon yabo na tagulla mai rubutu siriri, domin ya riƙa karantawa a lokacin hutu. Sannan kuka ba shi kujerar girmamawa ta har abada a sabon ɗakin manyan baƙi, mai gilashi ninki biyu, wanda takardarku ke alfahari cewa ko ƙarar ganga ba ta ratsa shi.

Ina roƙon ka tsaya a nan, ranka ya daɗe, ka sake karanta jimlar. Kun ɗauki mutumin da ke kallo da kunne, kun sa shi a ɗakin da ba a jin komai. Mutum nawa suka zauna a taron da ya yanke wannan shawara? An ba su ruwa? Ba wanda ya yi tari?

Ya yi zagaye biyu a ciki. Wata budurwa ta miƙo masa ɗan biskit a kan tire, ya shafa kujerar, ya shaƙi sanyin, ya ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, na mutu ne ba a sanar da ni ba?" Ta ce a'a, Don, karrama ka ake yi. Ya ce, "To in an gama, a mai da ni gida."

Na huɗu: rahotonku. Na samu kwafi, kada ka tambayi yadda. A shafi na tara an kira kusurwar hagu "tarkacen ƙarafa marasa darajar tarihi". Masanan da suka rubuta haka sun yi minti arba'in a garin, ashirin daga ciki a wurin Doña Ercilia. Ita ta faɗa mini, ta kuma ce in sa a wasiƙa: "Ka gaya musu, Lauya, dogon nan mai tabarau ya ci agada faranti biyu, bai ko dubi inda katangar take ba. Baya ya ba ta." Wa suka tambaya? Da sun ƙwanƙwasa falle na biyar da sun ji yana ɗan tari, tun ranar da motar rake ta ja da baya ta taɓa shi. Da sun leƙa bayan na uku da sun ga sunayen mutum goma sha tara da suka kafa katangar, an rubuta da ƙusa. Huɗu ne suka rage da rai. Idan wannan ba tarihi ba ne, ina neman a ba ni ma'anar kalmar a rubuce, tare da madogara.

Na biyar, a gurguje: lasifika. Ku gaya wa mai kula da ita cewa shirun da ake yi in ƙwallo ta nufi mangwaro ba matsalar na'ura ba ce. Ba sai ya cike shi da tallar man goge haƙori ba.

Na shida. A nan zan ajiye manyan kalmomi, domin na duba kundina kaf ban sami wadda ta dace ba.

Lahadi uku ke nan kakana bai je fili ba. Ba ya ƙorafi. Da ya yi ƙorafi da ya fi mana sauƙi. Yana tashi ya yi wanka, ya sa farar rigarsa wadda mahaifiyata ta goge, ya ɗora malafa, ya ɗauki sanda, ya fito bakin ƙofa ya zauna. Ƙarfe biyu ta yi, gari ya wuce ta gabansa zuwa fili, ana ta kiransa da laƙabinsa, "Don Miro, mu tafi mana!" Ya ce, "Ku yi gaba, ina zuwa." Daga ƙofarmu ana jin filin. Duk lokacin da hayaniya ta ɗauke, sai in ga ya karkatar da kai, hannunsa ya tafi wajen malafa, sannan ya tuna ya sauke shi a gwiwa.

Jiya na ce masa, "Tsoho, ka tashi mu je, ko don agadar Ercilia. Ta ce in ba ka zo ba, za ta auri Nicomedes."

Ya ce, "Ta aure shi, su biyun ba mai gani."

Na ce, "To ka zo ka zauna kawai, kamar kowa."

Ya ce, "Lauya marar ofis, kai da ka yi karatu, gaya mini. Kowa na zuwa ya ga wasa. Ni in je in yi me?"

Na tashi na shige gida na bar shi a nan. Ni, na huɗu a cikin sittin da biyu. Mutumin nan injin sukari ya sallame shi yana da shekara talatin da huɗu, aka ce aikinsa ya ƙare a duniya. Kwano goma sha ɗaya suka ba shi wani aikin, ba albashi, ba hutu, ya riƙe shi fiye da yadda na ga kowa ya riƙe muƙami a ƙasar nan. Abincinsa ya ragu. Domino ma ya daina. Mahaifina, wanda ya shekara talatin yana jiran ranar da za a ce kunnen nan ba shi da amfani, shi ne na samu a bayan gida yana share ido, wai hayaƙin gawayi ne.

Na san hujjarka, kuma ba zan raina ta ba. Za ka ce: a sare mangwaro, a zuba kankare, a ja layi rawaya, kowa ya gani da idonsa, a huta. Bisa ma'aunin hankali wannan daidai ne. Amma ina gayyatarka filin Boca Honda, inda ba bishiya, ga ƙarfe, ga fenti, ga ido dubu huɗu a buɗe. Kowace kakar wasa sai an kai mutum asibiti a kan layin hagu, domin kowane ido da ƙungiyarsa yake zuwa. A La Molienda, daga shekarar kofin nan har ranar da sosonka ya iso, ba a taɓa ɗaga ko murya a kan kusurwar ba. Ba don mun fi su hankali ba, na san mutanenmu. Don muna da mutum ɗaya ne wanda aka gwada shi da ɗansa na cikinsa bai karkata ba. Wannan kamfaninka ba ya sayar da shi, ranka ya daɗe. Na duba takardar kayanku.

Za ka kuma ce tsohon ba zai dawwama ba. Gaskiya ne, shi ma ya sani, yakan faɗa da bakinsa in yana son a ƙara masa kofi. Ranar da ya tafi, ku kawo gatarinku da kyamararku, ni da kaina zan riƙe muku tsani. Amma mene ne abin gaggawa? Kankare na lalacewa ne in ya jira?

Ga buƙatuna, kuma na sauƙaƙa su yadda ko taron hawa na tara zai fahimta. A cire soso daga falle goma sha ɗayan nan, sauran katangar ku lulluɓe ta har da bargo in kuna so. A gina kankaren a bayan kwanon, ba a gurbinsa ba. Na auna da kaina, akwai filin taku uku tsakaninsa da hanya, kuma Kaka ya ce a bar tazarar tafin hannu biyu don kwanon ya samu numfashi. A bar mangwaro. Kujerar ɗakin gilashi kuwa, muna mayar muku da ita da godiya, ku ba wanda ba ya son besbol. Allon tagullar za mu riƙe, ya zauna daidai a ƙarƙashin ƙafar tebur.

Ina buƙatar amsa a rubuce, da sa hannunka da hatimin kamfani, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, 14 ga Maris. A kawo ta gidan Peguero, Layin Injin, mai shuɗiyar ƙofa, ko a ba Doña Ercilia, ta fi gidan waya sauri. Kada a aiko mini da saƙon baki, kada a ce Injiniya zai kira.

Dalilin wa'adin shi ne, ranar Lahadi 16 ga wata muna da wasan rufe kakar bana da Balbelun Boca Honda. Kafin a jefa ƙwallon farko zan tsaya a tsakiyar fili in karanta amsarka da ƙarfi, daga gaisuwa har sa hannu. Mai ganga ya yarda zai dafe gangarsa. Doña Ercilia za ta ɗaga kasko. Mutanen Boca Honda sun aiko cewa su ma za su yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba tun kafuwar garinsu. In amsa ba ta zo ba, zan ɗaga farar takarda in tsaya minti ɗaya, domin jama'a su saurari kamfaninka yadda suka saurari sosonsa.

Na gaya wa Kaka wannan shiri yau da safe. Ya karkatar da kai. Sannan ya ce, "Wato akwai abin saurare?" Na ce akwai. Ya ce, "To ka ce wa uwarka ta goge rigar da kyau."

Saboda haka ina ba ka shawara, cikin matuƙar ladabi, ka zaɓi kalmominka. Kada ka bari sashen hulɗa da jama'a ya lulluɓe su da soso. Idan na gama karantawa, mutum dubu biyu za su juya su dubi benci na huɗu, kusa da ginshiƙi. Mutumin da ke zaune a wurin ya shekara arba'in da shida yana bambance mai kauri da siriri, kuma ka ji abin da ya yi wa ɗansa.

Allah ya ƙara wa hotonka tsawo, ya sa sanda ce za ta tashi.

Naka mai biyayya, wanda biyayyarsa ke jiran Juma'a,

Eudy Amaurys Peguero Santana,
Mai digiri a fannin shari'a,
Benci na huɗu, gefen ginshiƙi, La Molienda.

Kwafi zuwa ga: Don Casimiro Peguero. An karanta masa. Bai cire malafa ba.